Tambayoyinku kan Fasaha: Waya, Agogo da Lafiyar Iyayenmu

Tambaya: Mahaifiyata ta haura shekara 70 kuma tana fama da hawan jini. Na ga wata manhaja da ake ɗora yatsa a kan kyamarar waya sai ta faɗi awon jini. In sauke mata?

Amsa: Allah Ya ƙara wa Mama lafiya. 'Yar'uwa, kada ki sauke. Kyamarar waya tana iya ƙirga bugun zuciya, domin tana ganin yadda launin yatsa ke ɗan sauyawa duk lokacin da jini ya shigo, amma ƙarfin matsin jini a cikin jijiya wani abu ne daban. A shekarar 2016 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun gwada irin wannan manhaja mai suna Instant Blood Pressure, suka tarar kusan kashi 77 cikin 100 na waɗanda jininsu ya hau, manhajar ta nuna musu lafiyarsu ƙalau. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali, domin dattijuwar da aka ce wa jininta daidai yake tana iya ajiye maganinta.

Ki nemo mata na'urar awon jini wadda ake ɗaurawa a damtse, ba ta wuyan hannu ba, kuma ki duba maɗaurin ya yi daidai da kaurin damtsenta; idan ya yi mata kaɗan, lambar za ta fito sama da gaskiya. Ta zauna ta huta minti 5, bayanta a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannun a kan tebur daidai da ƙirji, kuma ban da magana har na'urar ta gama. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya, da safe kafin ta sha magani, sai kuma da yamma. Wasu na'urorin suna tura sakamakon zuwa waya ta Bluetooth, har da rana da lokaci, kuma a nan fasahar take da amfani ƙwarai: likita zai ga awon mako guda a jere maimakon na ranar asibiti kaɗai, wanda fargaba kan ɗaga shi. Idan awon gida yana yawan kai 135/85 ko ya wuce, ki nuna wa likitanta. Ƙarin magani ko ragi kuwa aikinsa ne.

Tambaya: Babanmu shi kaɗai yake kwana a ɓangarensa, kuma ya taɓa faɗuwa. Agogon zamani zai taimaka?

Amsa: Zai taimaka, Malam. Tun 2018 Apple Watch ya zo da tsarin gane faɗuwa, kuma wasu agogunan Samsung da Google ma suna da shi yanzu. Idan mutum ya faɗi da ƙarfi, agogon Apple zai girgiza masa hannu ya tambaye shi ko lafiya. In ya yi kamar minti ɗaya bai motsa ba, sai ya fara ƙara, ya kira lambar agajin gaggawa, ya kuma aika wa waɗanda aka sa sunayensu saƙo ɗauke da wurin da yake. Sai dai ba kowace faɗuwa yake ganewa ba, kuma sai yana haɗe da waya ko yana da hanyar sadarwa tasa. Ku riƙa yi masa caji da rana lokacin da Baba yake cikin mutane, ya kwana da shi a hannu, domin tashin dare zuwa banɗaki yana cikin lokutan da tsofaffi kan faɗi.

Awon zuciyar da ke cikin agogon yana iya nuna alamar bugu marar tsari, amma ba ya gano ciwon zuciya na farat ɗaya. In Baba ya ce ƙirjinsa na ciwo, a wuce asibiti kai tsaye.

Tambaya: Gaskiya ne akwai agogon da ke auna sukari ba tare da huda fata ba?

Amsa: Ana tallarsa, amma kada ki saya, Hajiya. A watan Fabrairun 2024 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta gargaɗi jama'a cewa ba ta amince da ko ɗaya daga cikin irin waɗannan agoguna da zobba ba. Abin da likitoci ke aiki da shi, kamar FreeStyle Libre, ɗan faifai ne da ake mannawa a bayan damtse, mai siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata, yana kwana 14 yana nuna sukari a waya. Awonsa kan yi jinkirin 'yan mintuna, don haka in Baba ko Mama na rawar jiki da zufa alhali lambar ta nuna daidai, a huda yatsa a tabbatar.