Amsa: Tiyatar haske ga cutar waswasi da ta ƙi jin magani

Malama, kin tambaya ko da gaske ana yi wa mai matsananciyar cutar waswasi, wadda likitoci ke kira OCD, tiyata ba tare da buɗe ƙoƙon kai ba, tunda ɗan'uwanki ya daɗe yana shan magani babu sauƙi. Allah Ya ba shi lafiya.

Gaskiya ne. Na'urar Gamma Knife, wadda likita Lars Leksell na ƙasar Suwidin ya ƙirƙira, tana tattara hasken gamma, wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, daga kusurwoyi kusan 200 a kan ɗigo guda cikin ƙwaƙwalwa, ta lalata ɗan sashen jijiyoyin da ke haɗa gaban ƙwaƙwalwa da tsakiyarta, inda tunanin ke ta maimaituwa.

Sai dai ba a yin ta sai cutar ta kai shekaru, an gwada magunguna da dama har da clomipramine, an kuma yi jinyar horar da ɗabi'a sosai. Sauƙin yakan ɗauki watanni kafin ya bayyana, kuma ba kowa ke samunsa ba. Abin da ya fi damuna shi ne, abin da aka lalata ba ya dawowa, kuma ƙwaƙwalwa na iya kumbura daga baya. Ku fara neman likitan ƙwaƙwalwa ya sake duba magungunansa.