Na sa hannu a takardar haya, kwana huɗu aka kai ni Tawa: kuɗina za su dawo?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a Yamai. Na samu gida ɗaki biyu da falo a Bobiel, jika 50 a wata. Na biya abans na wata uku da kosiyo na wata biyu, na ba dillali jika 25, muka sa hannu a kwantaragi na shekara ɗaya. Kwana huɗu bayan haka afektasiyo ta fito, an kai ni Tawa. Ko tabarma ban shimfiɗa a gidan ba, sai dai lakile tana hannuna. Mai gidan ya ce kuɗin da suka shiga aljihunsa ba su fita. Ƙawata kuma ta ce doka ta ba ni kwana 14 in janye. Ina gaskiyar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya sa canjin ya zama alheri.

Bari in fara da zancen ƙawarki, don kada ki je ki faɗa wa mai gida ya raina miki wayo. Kwana 14 ɗin nan dokar Faransa ce, kuma ta shafi sayayya ta intanet ko ta waya. Ko a can ɗin ba ta hau kan hayar gidan zama ba. A nan Nijar abin da ke aiki shi ne dokar haya ta 1996 da kundin dokar farar hula da muka gada, wanda aya ta 1134 a cikinsa ta ce yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida doka ce ga waɗanda suka ƙulla ta, ba ta warwaruwa sai da yardar juna ko da dalilin da doka ta amince da shi. Ko wurin malamanmu na Malikiyya kika kai maganar, amsar ke nan: ijara ta ƙullu tun da aka ce "na ba ki", kika ce "na karɓa". Rashin kwana a gidan bai hana ki zama ƴar haya ba. Afektasiyo kuma uzuri ne mai kyau a bakin magana, amma kada ki dogara da ita kaɗai a gaban alƙali, sai in an rubuta ta cikin takardarku.

Don haka yau da dare ki ɗauko kwantaragin ki karanta shi layi-layi. Ki nemi wurin da aka yi maganar sanarwar tashi: wata nawa, kuma ko ɗan haya na iya fita kafin shekara ta cika. Takardu da yawa da ake bugawa a bakin titi suna ɗauke da wannan layi, masu sa hannun ne ba su duba shi. In yana nan, shi ne ƙofarki.

Shi ma mai gidan bai faɗi daidai ba. Jika 275 ɗin da kika fitar ba tulu ɗaya suke ba. Jika 25 na dillali ki ɗauka sun tafi. Aikinsa ya haɗa ku, kuma ya haɗa ku. Kosiyo, jika 100, amana ce da aka ajiye saboda ɓarna ko bashin ruwa da wuta. Gidan da ba ki kunna ko ƙwai ɗaya ba, babu ɓarnar da za a cire, sai in ya tabbatar yana bin ki wani kuɗi. Inda ake jan igiya shi ne abans, jika 150. Aya ta 1760 ta kundin dokar farar hular ta ce in haya ta rushe ta ɓangaren ɗan haya, zai biya kuɗin lokacin da ake buƙata kafin a samu wani ya shiga. Ki lura da kyau: lokacin da ake buƙata, ba shekarar duka ba. In mai gidan ya sa wani a gidan ranar 1 ga wata mai kamawa, da wace hujja zai ci kuɗin wata ɗaya daga hannun mutum biyu?

A nan dabararki take. Gida ɗaki biyu da falo a Bobiel a wannan kuɗi ba ya daɗewa babu kowa. Ki koma wurin dillalin nan, ki ce ya samo wani. Daɗi ma zai ji, don wata la'ada ce. Ko ki duba cikin abokan aikinki, yadda aka kai ki Tawa haka aka kawo wani Yamai yana yawo da akwati. Sai ki je wa mai gida da mutum a hannu: "Alhaji, ga wanda zai maye gurbina, ka riƙe wata ɗaya, ka mayar mini da saura." Amma kada ki sa kowa a gidan da kanki ba da saninsa ba. Sunanki ne a takarda, duk abin da ya fasa ke za a nema.

Ki je da wani babba, mijinki ko kawunki ko limamin unguwar. Na ga masu gidan da suka kafe a gaban takardar lauya suka sauko da kalma biyu daga liman, musamman in ya tuna musu hadisin da ya yi alkawarin yafiya ga wanda ya yarda ya warware ciniki da ɗan'uwansa da ya yi nadama.

Kuskuren da ya fi cin mutane shi ne aika lakile ta hannun yaro ko mai gadi, a hau mota a tafi. Bayan wata huɗu sai a kira ki a ce kina da bashin haya, tunda babu shaidar kin fita. Ki rubuta wasiƙar sanarwa da kwanan wata, ki haɗa da kofin takardar afektasiyo, mai gidan ya sa hannu a naki kofin. Ranar miƙa lakile ku zaga gidan tare, ki ɗauki hoton bango da ƙofofi da lambar kwantar NIGELEC da ta ruwa. Ku rubuta ƴar takarda: an warware haya daga rana kaza, an riƙe kaza, za a mayar da kaza a rana kaza, da shaidu biyu. In ya ce kuɗin ya riga ya kashe su, wanda sau da yawa gaskiya ne, ku rubuta cewa zai biya ki daga abans ɗin sabon ɗan haya.

In ya ƙi karɓar wasiƙar, wisiye, wato jami'in shari'a mai isar da takardu a hukumance, zai kai masa ita, kuma takardar wisiye hujja ce a kotu. Komisariya ba wurin wannan magana ba ne, rigimar haya ta alƙalin farar hula ce. Sai dai ki yi lissafi tukuna: kina Tawa, kilomita sama da 500, kowane zaman kotu kuɗin mota ne da neman izini a wurin aiki. Ni da zan samu kosiyo cikakke da wata biyu na abans a rubuce kafin in tashi, wato jika 200, da na bar masa watan ɗaya na kama hanya.