Amsa: ƙarar injin ƙaramin jirgin sama Cessna 172 ta yi sanyi a wasan tuƙa jirgi na Microsoft Flight Simulator

Ɗan'uwa, ka ce injin yana ƙara a shaƙe, kamar daga ɗakin maƙwabci, ko da ka ƙure murya. Kafin ka sayi sabon lasifika, shiga saitin sauti ka duba Headphone Simulation. Idan a kunne yake, wasan yana rage ƙarar injin da gangan, don kwaikwayon abin kunnen da matuƙa ke sakawa. A jirgin gaske haka matuƙi ke ji, amma in rurin kake so, kashe shi.

Sannan kada ka ɗaga komai zuwa ƙarshe. Bar injin a sama, ka rage iska da sauran jirage kaɗan, kiɗa kuwa ka kashe shi baki ɗaya. Muryar hasumiyar filin jirgi da ƙararrawar gargaɗi kada ka taɓa su, don ranar da fikafikan jirgi za su kasa riƙe shi a iska su za su cece ka.

Ga gwajin da na fi yarda da shi. Taka birki, kai injin juyi 1,800 a minti, ka juya makulli zuwa magineto ɗaya, wato ɗaya daga cikin na'urori biyu da ke ba filogin injin wuta. Allurar ma'aunin juyin injin za ta ɗan sauka, kuma dole kunnenka ya ji muryar ta sauka tare da ita. Injin ƙirar kamfanin Lycoming ne mai silinda 4, bugunsa mai kauri ne, ƙaramin lasifikan kwamfutar cinya ba ya iya fitar da shi. Sa abin kunne mai rufe kunnuwa, ka kashe ƙarin kaurin sauti (bass) da Windows ko manhajar abin kunnen ke sakawa, domin yana cakuɗa bugun ya koma gunji kawai.