Gam ko sukuru: da me za a haɗa wuyan jita da jikinta?

Tambaya: Ni kafinta ne, kuma ina shirin ƙera jita mai tsirkiyar ƙarfe a karo na farko. Wasu sun ce in manne wuyan da gam don sauti ya fi daɗi, wasu kuma sun ce in ɗaure shi da sukuru. Wanne ya fi?

Amsa: Malam, kafin a zo ga sauti, ka fara tunanin ranar gyara. Tsirkiyoyi shida na ƙarfe suna jan wuyan jita da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 70, dare da rana, don haka bayan wasu shekaru wuyan yakan rusuno gaba, tsirkiya ta yi nisa da shi, har yatsun makaɗi su riƙa ciwo. A ranar nan dole a cire wuyan a gyara zamansa.

Kamfanin Martin na Amurka ya shahara da haɗin da ake sassaƙa gindin wuya kamar wutsiyar tantabara, a zura shi cikin gurbinsa a manne. Haɗi ne mai ƙarko, amma idan sassaƙar ta kauce ko da kaurin takarda ne, wuyan zai karkace, kuma ba ya cirowa sai an huda ƙaramin rami an tura tururi ya narkar da gam ɗin. Leo Fender kuwa, maƙerin jita ɗan Amurka, tun 1950, sukuru huɗu da farantin ƙarfe ya sa wa jitarsa ta lantarki, kuma kamfanin Taylor ya nuna cewa jitar da ba ta lantarki ba ma tana karɓar ɗauri ba tare da muryarta ta lalace ba. A ganina, abin da kunne ke ji shi ne yadda katako ya kwanta a kan katako ba giɓi, ba abin da ya riƙe su ba.

Akwai kuma wuyan da ke ratsa jiki gaba ɗaya, kamar yadda sandar goge ke ratsa ƙwarya, amma wannan ya fi dacewa da jitar lantarki.

Tunda aikinka na farko ne, ka ɗaure da noti biyu daga cikin akwatin jitar. Idan iskar hunturu ta busar da katakon ya motsa, sai ka kwance, ka sa siririn fallen katako a gurbin, ka mayar. In kuma ka nace sai gam, ka guji mai ruwa biyu da ake gaurayawa, domin tururi ba ya sakinsa.