Tumatir na yaushi alhali ƙasa a jiƙe take

Tambaya: Malam, ina da lambu a gefen Kwakwaci. Tumatirina ya fara fure, sai wasu suka soma yaushi da rana, da safe su farfaɗo. Yanzu sun kwanta gaba ɗaya, ganyen kuma kore shar. Na fesa Mancozeb har sau biyu, na ƙara ruwa, shiru.

Amsa: Malam, ajiye injin feshin nan tukuna. Yanko karan wanda ya kwanta daga kusa da gindi, ka tsoma bakin yankan a kofin gilashi mai ruwa garau, kada ka motsa shi. In cikin 'yan mintuna ka ga wani farin zare kamar madara yana sauka ƙasa, to bakteriya ce, wadda masana ke kira Ralstonia solanacearum. Mancozeb maganin funfuna ne, ba ruwansa da ita. Kuɗin ya tafi ke nan. Duk rani sai na maimaita wannan maganar, amma mutane ba sa tambaya sai bayan sun zazzage aljihu a shagon magani.

Bakteriyar nan a cikin ƙasa da cikin ruwa take zaune. Ta raunin saiwa take shiga: wanda aka yi wajen dashe, ko na fartanya, ko na ƙananan tsutsotsin nan masu sa saiwa ƙulle-ƙulle. Da ta samu hanyoyin ruwa na cikin kara sai ta hayayyafa, ta fitar da yauƙi ya toshe su. Shuka na tsaye cikin laima ƙishirwa na kashe ta. Ruwan da ka ƙara ma shi ya kwashe ta daga wannan kwami zuwa wancan.

Me ya hana tumatir kare kansa? Ƙwayar cutar tana da wata 'yar allura ta furotin da take soka wa ƙwayoyin halittar shuka, ta ɗura musu guba mai kashe garkuwarsu. To amma ita kanta a lulluɓe take da saƙaƙƙen bango mai tauri, kuma dole allurar ta ratsa shi kafin ta kai waje. Bakteriya masu irin wannan allura suna da sinadaran enzayim da ke yanke 'yar ƙofa a bangon, a kafa allurar ba tare da ƙwayar ta fashe ba. Masana na nazarin siffar waɗannan sinadaran ne don neman abin da zai toshe su, domin an gwada a ɗakin bincike, wadda aka lalata wa allura ba ta iya kwantar da tumatir. Sai dai wannan bai iso kanti ba. Duk wanda ya miƙo maka kwalba ya ce tana warkar da shukar da ta riga ta kamu, kuɗinka yake so.

Tuge masu ciwon da ƙasar gindinsu, ka fitar da su daga lambun ka ƙone. Kada ruwa ya bi ta wurin ya wuce wa masu lafiya. Wanke wuƙa da fartanya da ruwan bilic. Filin kuma ka hutar da shi daga tumatir aƙalla shekara 3, ka sa masara ko dawa.

Tambaya: In na cire tumatir, zan iya sa tattasai a wurin?

Amsa: A'a Alhaji, tattasai, attaruhu, yalo da dankalin Turawa duk dangin tumatir ne, su ma bakteriyar tana cin su.

Tambaya: Maƙwabcina yana fasa kafso na mutane a ruwan feshi. In gwada?

Amsa: Kada ka soma. Ba zai warkar da shukar da ta kamu ba, sai dai ka koya wa ƙwayoyin cuta jure maganin da iyalinka za su buƙata.

Tambaya: Malam, albasar da na ajiye tana ruɓewa daga wuya, tana ruwa da wari.

Amsa: Hajiya, wannan ma bakteriya ce, amma irin mai narkar da naman albasa. Galibi an yanke ganyen ne wuyan bai bushe ba. Zazzage buhun yau, ki ware duk mai laushi, sauran ki baza su a inuwa inda iska ke ratsawa.