Tok-kwanbata mai "hai-sitol": amsoshin tambayoyinku kan giyar otomatik

Tambaya: Malam, ina da Camry ƙirar 2010 mai silinda huɗu. Na ga bidiyon Amurkawa a YouTube suna sa tok-kwanbata mai hai-sitol, mota ta riƙa fizga da ƙarfi. Nawa zan tanada in sa wa tawa? (Wani matashi, Kano)

Amsa: Ko sisi kada ka tanada, ɗana. Tok-kwanbata tana tsakanin inji da akwatin giya, ita ce a madadin kuloc a motar otomatik. Man giya ne ke kai ƙarfin inji zuwa giya, kamar fanka biyu da ke fuskantar juna, ka kunna ɗaya iskarta ta juya ɗayar. Sitol kuwa shi ne iyakar juyin da inji zai kai idan mota tana cikin giya, ka danne birki, ka taka totur har ƙasa, tayoyi ba su motsa ba. Ta kamfani yawanci tana tsakanin juyi 1,800 da 2,500 a minti. Mai hai-sitol tana barin inji ya haura 3,000, ta 'yan tsere ma har 5,000.

Waɗanda ka gani tseren kwatar mil suke yi, wato mita 402 daga tsaye. Sun canja kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul-bawul, na injinsu V8 mai silinda takwas, ƙarfinsa ba ya zuwa sai ya yi sama, don haka suke son kwanbatar da za ta sake shi ya hau kafin ta ɗora masa nauyi. Ba ta ƙara wa inji ƙarfin doki ko ɗaya. Idan ka sa ta a injinka da ba a taɓa ba, za ka taka totur a hankali, inji ya yi ta gunji, mota tana jan ƙafa sai ka ce giya ce ke sulɓi. Sulɓin nan zafi yake komawa, fetur kuma yake ci. A hanyar Zariya, idan mota ta ɗauki gudu, wani kuloc da ke cikin kwanbatar zai kulle ya rage asarar, amma a cunkoson Bata cikin zafin Afrilu ba ya kullewa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kai ne za ka nemo abin da zai ƙara maka shan fetur?

Tambaya: Sienna ce da ni, da ita nake kai yara makaranta. Ta fara karkarwa idan na kai gudun kilomita 60. Makanike ya ce sai an canja giyar gaba ɗaya, hankalina ya tashi. (Wata uwa, Kaduna)

Amsa: Kwantar da hankalinki, Hajiya, kada ki biya kuɗin giya 'yar Beljiyam tukuna. A fara jona mata kwamfuta. Fulogi ko koyil da ya gaji yakan kawo irin wannan karkarwa, haka ma kuloc ɗin kwanbata idan man giya ya tsufa ko ba nata aka zuba ba.

A nan kuwa zan yi dogon baki. Giyoyin da ke mutuwa a garejojinmu, da yawansu mai ne ya kashe su. Mutum zai sayi mota ta miliyoyi, ya zo wajen man giya ya ce a ba shi mai sauƙi, makanike kuma ya ce masa "ai duk ja ne". Ba duk ja ne ɗaya ba! Toyota kaɗai tana da T-IV tana da WS, Honda tana da DW-1, giyar CVT kuma, wadda ba ta hawa mataki-mataki, nata daban ne. Ga masu tsince tsofaffin galan su ɗura abin da suka ga dama, su rina shi ja, su liƙe murfi. Idan farashi ya faɗi ƙasa da na kowa a kasuwa, ajiye musu kayansu. Ki duba littafin motar, ki saya da kanki a wajen dila sananne, ki tsaya a buɗe galan a gabanki. Idan an gama a huda shi kafin a yar, don kada gobe a sayar wa wani da shi. Man kirki yana aiki a zafin digiri 80 zuwa 95 a ma'aunin Salshiyas. Ya wuce 120 ya fara lalacewa da sauri. In kin ga ya yi baƙi yana ƙauri, an riga an makara da canji.

Tambaya: Ina danne birki da totur tare kafin in fizga a wajen biki. Da matsala? (Wani direba, Sakkwato)

Amsa: Makanikai masu gwajin sitol ba sa wuce daƙiƙa 5, sannan su bar man ya huce. Kai kana yi don 'yan kallo su yi tafi. Allah ya shirye ka, ya tsare yaran da ke bakin titi.

Tambaya: Hilux ɗina otomatik ce, ina ɗaukar buhunan hatsi. Hai-sitol za ta taimaka wajen tashi da kaya? (Wani ɗan kasuwa, Maraɗi)

Amsa: A'a, Alhaji. Motar kaya, musamman mai dizal, ƙarfinta a ƙaramin juyi yake, ƙaramin sitol take so. Bar ta kamfani a wurinta. Idan akwai kuɗin kashewa, a ƙara mata ƙaramin lagireton sanyaya man giya, ka kuma rage lodin da ya wuce abin da aka rubuta wa motar.