Ranar 29 ga Fabrairu: daga ina ta fito?

Ƙanena, da farko Allah ya raya jaririyar. Ka ce an haife ta 29 ga Fabrairu 2024 a nan Tawa, bana kuma ka duba kalanda ba ka ga ranar ba, kana tambaya me ya sa take zuwa tana ɓacewa. Na shekara ashirin da 'yan kai ina koyar da 'yan CM2, ajin ƙarshe na firamare, kuma duk shekarar da Fabrairu ya cika 29 sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, wa ya ƙara kwanan?"

Da adashe nake ba su amsa. Duniya ba ta gama zagaya rana a kwana 365 cif. Akwai ragowar awa 5 da minti 48 da 'yan daƙiƙu, kusan rubu'in kwana ke nan. Kalanda ba ta da inda za ta ajiye rubu'i, sai kowace shekara ta zuba nata, ta huɗu ta kwashe kwana guda, a liƙa shi a ƙarshen Fabrairu. Julius Kaisar na Rum ne ya kafa wannan tsari tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

To amma zubin bai kai awa 6 ba, akwai giɓin minti 11 da ɗoriya. Kamar ba komai, sai dai duk shekara 128 yana haɗa kwana ɗaya. Kafin 1582 kuskuren ya kai kwana 10, Fafaroma Gregori na 13 ya sa aka share su: mutane suka kwanta Alhamis 4 ga Oktoba, suka tashi Juma'a 15 ga Oktoba. Ingila ta ƙi bi sai 1752, lokacin kwana 11 ta zubar. A gyaran na 1582 aka kuma sa doka cewa shekarar da ta ƙare da sifili biyu ba ta samun ƙarin sai in 400 ta raba ta daidai. Shi ya sa 1900 ba ta samu ba, 2000 ta samu.

Mu da muke rayuwa da lissafi biyu ai ya fi mana sauƙin ganewa. Shekarar Hijira kwana 354 ce ko 355, ba a ɗaure ta da damina ba, don haka azumi ke yawo. Ni na yi shi cikin sanyin Disamba a 2000, na yi shi cikin damina a 2012, na kuma sha shi cikin zafin Afrilu da Mayu, wanda ba na fatan maimaitawa da wuri. Ga ibada hakan daidai ne. Ga manomi da ma'aikatar gona kuwa, ana son watan shida ya riƙa zuwa da hadari kullum. Da babu wannan kwana, bayan shekara 500 ranar 3 ga Agusta da muke dashen itatuwa za ta faɗo a yanayin farkon Afrilu, ƙasa kamar tanda. Wane icce zai kama?

Batun takardar haihuwarta kada ya dame ka, a bar 29 ɗin yadda aka rubuta, shekarunta na tafiya kamar na kowa. Za ta sake ganin ranarta a 2028. In Allah ya ba ta tsawon rai, daga 2096 sai ta jira har 2104, domin 2100 ba ta da ƙarin.